Shugaban 'Yan Iska

Idan ana neman mai baki a unguwar Ƙurban ta birnin Madina, ba a wuce ƙofar Khalilu. Mutum ne da zai ba ka dariya a zaman makoki, ka fito kana jin kunyar kanka. Ƙuruciyarsa duk a filin jirgin saman Madina ya ƙarar da ita, yana lodin jakunkunan alhazai a ƙarƙashin fikafikan jirage, abokan aikinsa kuma suna cewa barkwancinsa ne ya hana rana kashe su. Yanzu ya yi ritaya, gwiwoyi sun gaji, gemu ya yi fari fat, amma bakin yana nan yadda yake.

Abu ɗaya ne Khalilu ba ya wasa da shi, shi ne Hausa. Kakansa a ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja, ya iso Madina ba shi da komai sai harshensa. Khalilu ya gaji harshen, ya so ya bar wa 'ya'yansa, amma ina! Ka yi wa Sundus magana da Hausa, ta mayar maka da Larabci. Khalida ma haka. Walid kuwa, babbansu kuma namiji tilo, tun yana firamare ya kulle bakinsa. Yana ji sarai, amma ko "to" ba ya cewa, sai "tayyib". Wannan abu ya daɗe yana cin Khalilu a rai, ko da yake a gaban mutane da wasa yake faɗa.

Walid ya yi karatun injiniya, ya tafi Turai, ya samu aiki a wani kamfani da ke ƙera motocin tsere, irin masu tayoyi a waje da direba ɗaya kishingiɗe a tsakiya, waɗanda ake kawowa Jidda su yi ta ƙara a bakin teku. A bana suna haɗa sabuwar mota tun daga tushe, kuma kafin aikin ya rincaɓe aka ba shi ɗan hutu ya zo gida.

Khalilu da kansa ya je tarbarsa. Walid ya fito da jaka a kafaɗa, ya sumbaci goshin mahaifinsa, ya ja numfashi kamar mai shirin ɗaga kaya, ya ce, "Baba, na same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Khalilu ya waiga baya, don ya zaci wani alhaji ne daga Kano ke magana. Da ya tabbatar daga bakin ɗansa maganar ta fito, sai ya riƙe masa hannu gam. 

"Walid, kai ne? Ina ka samo ta?"

"A wajen Gwaggo," in ji Walid, yana murmushin kunya. "Ina koyo. Kaɗan-kaɗan."

A hanya labarin ya fito. Tun da mahaifiyarsa Safiyyatu ta rasu, Walid ya riƙa sauraron saƙonnin muryar da ta bar masa a waya. Duk da Hausa ta yi su, shi kuma duk da Larabci ya amsa mata, yanzu ga shi babu damar sake amsawa. Sai ya fara kiran Gwaggo Ƙaltume, yayar Khalilu da ke riƙe da gidan, tana koya masa a ɓoye. Hausar Walid ke nan, ta uwa da ta gwaggo, mata biyu masu carbi a hannu da ko kaza ba su taɓa zagi ba. Khalilu kansa, duk bakinsa, a ƙofar gida yake ajiye munanan kalmomi tare da takalminsa, don Safiyyatu ba ta yarda a shigo mata da su. Yaran unguwa kuwa da Larabci suke zagin juna.

Washegari bayan la'asar suna zaune su biyu, Ƙaltume ta ajiye musu kaskon turare ta fita. Khalilu ya ce a nuna masa hoton sabuwar motar.

"Babu hoto, Baba. Sirri ne. Ko a wayata babu, sai ranar da aka buɗe ta. Amma zan faɗa maka da baki."

Ya ɗauki cokalin shayi, ya kai bayansa kusa da hayaƙin turaren da ke tashi. Hayaƙin ya lanƙwasa, ya bi bayan cokalin yana lallaɓawa.

"Ka gani? Iska yana, a'a, tana son bin abu mai lanƙwasa. Kai ka san fiffiken jirgi. Iska tana bi ta kansa, tana ɗaga jirgi sama. To mu mun kifa fiffiken. Namu yana danna mota ƙasa. In ta yi gudu sosai, iska tana danna ta, tayoyi su kama titi, ta sha kwana ba ta zame ba."

"Wato ku kuna hana ta tashi ne."

"Haka ne! Muna hana ta tashi."

Khalilu ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ba motar ce ta dame shi ba, wallahi ko keke Walid ke ƙerawa duk ɗaya ne a wurinsa. Yadda yaron ke tsayawa ya lalubo kalma, ya gyara "yana" zuwa "tana", ya dubi fuskar ubansa ya ga ko ya yi daidai, wannan shi ne abin da ya jira shekara da shekaru. Da a nan ya tsaya, da ya more. Amma Khalilu ba ya iya cin abu mai daɗi shi kaɗai a ɗaki, sai ya fito da shi waje an gani.

Ranar Juma'a ya tara abokansa cin abinci bayan an sauko daga masallaci. Akwai Idrisa, mutumin Abeshe ta ƙasar Chadi da ke ɗinkin kujerun mota, akwai Zakiru mai shagon dabino a gindin dutsen Uhudu, da wasu dattawa waɗanda duk 'ya'yansu da Larabci suke amsa musu. Ƙaltume ta ce masa, "Khalilu, ka bar yaron nan Hausarsa ta yi ƙwari tukuna. Ɗanya ce."

"Haba Yaya, ai abin alfahari ne. Su ji, su san gidana ba irin nasu ba ne."

Aka ci tuwo da miyar kuka, aka kawo gahawa. Khalilu ya gyara zama ya ce, "Yau ɗana zai yi muku bayanin aikinsa, kuma ba da Larabci ba. Zakiru, ɗaga wayarka ka ɗauka, in aika wa dangi."

Walid ya so ya noƙe, amma ya ga idon ubansa yana ƙyalli, sai ya daure. Ya fara a hankali. Ya ce musu shasin motar, wato ƙashin bayanta da direba ke zama a ciki, ba da ƙarfe ake yinsa ba. Wani baƙin yadi ne ake shimfiɗawa ninki-ninki, a shafa masa danƙo, a gasa shi a tanda, ya fito ya fi ƙarfe tauri, kuma mutum biyu sa ɗaga shi. Idrisa ya ce kai, ashe su ma teloli ne. Aka yi dariya mai daɗi, Walid ya saki jiki.

Ya ce fikafikan da ake gani gaba da baya ba su ne babban sirri ba. Sirrin yana ƙarƙashin mota, inda ido ba ya kaiwa. A can aka sassaƙa hanyoyi, iska ta shiga ta matsatsi ta fita ta faɗi, sai ta tsotso motar ta manna ta da titi. Kafin a ƙera ta gaske, ana yin ƙarama, a saka ta a wani dogon rami mai ƙatuwar fanka, a yi ta hura mata iska ana aunawa.

"A sabuwar motar," in ji shi, "mun matse mata ƙugu, don iska ta wuce zuwa baya ba ta yi karo da komai ba. Amma an yi faɗa kafin a yarda. Saboda lagireto yana son wuri, tankin mai yana son wuri. Kowa yana jan nasa."

"Su wa ke faɗan?" Zakiru ya tambaya daga bayan wayarsa.

Walid ya ɗan yi tunani. Ya san ana cewa ɗan kasuwa, ɗan sanda, ɗan wasa. Gwaggo ta koya masa wannan, kuma yana alfahari da ya riƙe.

"Mun kasu kashi-kashi. Akwai 'yan inji. Akwai 'yan shasi. Akwai 'yan taya. Mu kuma 'yan iska ne." Ya dafa ƙirjinsa, don wannan ne albishir ɗin da ya ɓoye wa mahaifinsa sai yau. "Kuma a bana, Baba, ni aka naɗa shugaban 'yan iska."

 Idrisa ya sunkuyar da kai yana kallon finjalin gahawarsa. Dattawan nan duk sun san yaron bai san abin da ya faɗa ba, kuma da Khalilu ya ce "Masha Allah, shugaban masu aikin iska," ya wuce, da kowa ya bi shi an rufe maganar. Ido duk yana kansa. Shi ne uba, shi ne mai gida.

To amma ka san mai baki. Maganar ta faɗo masa a cinya a nune, irin wadda mutum zai shekara bai samu ba. Kafin hankalinsa ya iso, dariya ta riga ta ƙwace masa. Ya buga cinya, hawaye na zuba.

"Tsaya, tsaya! Ban ji ba. Shugaban su wa?"

Walid ya zaci murna ce. Ya ƙara ɗaga murya, fuskarsa a sake. "Shugaban 'yan iska, Baba. Mu da yawa ne. Duk ni suke bi."

"Kun ji ko? Duk shi suke bi! Na tura ɗana Turai karatu, ashe sarauta ya samo mana!"

Nan fa ɗaki ya ɓarke. Zakiru har wayar na rawa a hannunsa. Walid ya taya su dariya kaɗan, sannan ya lura ba irin dariyar ɗazu ba ce. Ya juya wajen Idrisa, wanda shi kaɗai bai yi ba, ya ce, "Baffa, me na faɗa?"

Idrisa ya matso, ya raɗa masa da Larabci. Khalilu yana kallo ya ga murmushin ya bar fuskar ɗansa. Walid bai tashi ba, bai ɓata rai a gaban baƙi ba. Ya ɗauki butar gahawa ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu, kamar yadda ɗan gida ke yi. Da Zakiru ya ce ya ci gaba da bayanin ƙugun mota, sai ya amsa da Larabci cewa sauran duk lissafi ne, ba zai yi musu daɗin ji ba.

Bayan baƙi sun watse, Ƙaltume ta tare ƙanenta a tsakar gida. Ta ji komai ta bayan labule.

"Kai dai Khalilu ba ka girma. Kuskuren ba komai ba ne, kowa na yi. Amma ka sa shi ya maimaita? Kana sane, kana ubansa? Ni na san wahalar da yaron nan ya sha. Kalma ɗaya sai ya kira ni ya tambaya, ya sake kira, don kada ya ji kunya a gabanka. A gabanka fa, ba gaban kowa ba."

"Yaya, wasa ne."

"To ka je ka ci wasan."

Khalilu ya so ya kira Zakiru ya ce a goge abin da aka ɗauka, amma ya makara. Zakiru ba mugu ba ne, abin dariya ne ya tura wa mutum biyu, su kuma suka tura wa nasu. Kafin magariba, mai kantin bakin layi ya tambayi Khalilu ina shugaba, kuma Walid yana tsaye a bayansa.

Kwanakin da suka rage, Walid bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da Khalilu ya san ta inda zai ɓullo. Yana kai mahaifinsa masallacin Ƙuba, yana riƙe masa hannu a matakala, ya gyara masa na'urar sanyaya ɗaki da ta daɗe tana ɗiga. Komai da ladabi, komai da Larabci. Khalilu ya yi ta ɗana masa tarko. Ya ce, "Walid, miƙo mini wancan, me ma ake ce masa?" Walid ya miƙo masa abin, bai faɗi sunansa ba. Ya ba shi labarin yadda shi ma ya taɓa kwafsawa da Larabci a gaban wani babban jami'i a filin jirgi, aka yi masa dariya wata guda. Walid ya yi murmushi ya ce, "Mafi mushkila, ya Abuya," wato babu damuwa. Khalilu bai taɓa tsanar wata magana kamar wannan ba.

Ranar tafiya, da hantsi, Khalilu ya ce shi zai kai shi. Suka fita daga Ƙurban suka hau babban titi, dutsen Uhudu yana can gefe ja wur a cikin rana. Khalilu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ce abin da bai saba faɗa wa kowa ba.

"Walid, na yi maka laifi. Ba kai ka yi kuskure ba. Yadda ka haɗa maganar daidai ne, harshen ne ya riga ya ɓata kalmar tun kafin a haife ka. Ni ya kamata in rufa maka, sai na tona. Ka yafe mini."

Walid ya ce da Larabci ya yafe, tun a ranar ma, kuma har ga Allah da gaske yake. Khalilu ya ji hakan a muryarsa.

"To ƙarasa mini bayanin. Kun matse ƙugu, sai aka yi yaya da lagireto?"

Walid ya ƙarasa masa tsaf. Sun kwantar da lagireton a karkace, sun ɗaga wani sashe sama bayan kan direba. Masu shasi sun yarda sun matsar da mazaunin direba baya kaɗan, don iskar da tayoyin gaba suka dagula ta samu wurin kwantawa kafin ta shiga ƙarƙashi. Babban abin tsoro shi ne tsayin motar daga ƙasa. In ta yi sama, tsotson ya ragu. In ta yi ƙasa da yawa, iskar ta shaƙe, motar ta saki titi, ta sake kamawa, ta yi ta tsalle har haƙoran direba su kaɗa. Tsakanin biyun bai fi kaurin yatsa ba, kuma nemo wannan wurin shi ne aikinsa na bana.

Duk da Larabci ya faɗa, mai kyau, mai santsi, babu tsayawa babu lalube. Khalilu ya gane komai, ya ma fi ganewa a kan ranar cokali. Kuma bai taɓa jin bayani ya yi masa ɗaci haka ba.

Ya sake gwadawa. "Wato in ta matso ƙasa sosai, sai iskar ta... ta me? Kalmar ta ɓace mini."

Ƙarya yake yi, kuma su biyun sun sani. Amma Walid ya juyo. Leɓensa ya motsa, kalmar ta zo har bakinsa, Khalilu ya gan ta. Sai yaron ya tsaya. Idonsa ya yi irin na mai taka ƙasa bayan ya taɓa taka ƙaya a wurin, yana juya kalmar a ransa, yana duba ko ita ma tana da wata fuskar da bai sani ba. Ya haɗiye ta, ya faɗi ta Larabci.

A nan Khalilu ya gane ba fushi ba ne, tsoro ne. Fushi ana ba shi haƙuri ya sauka. Wannan kuwa shi da kansa ya dasa shi, kuma bai san da wane baki zai cire shi ba. Ya ji nadama ta danne masa ƙirji har ya rage gudun mota, wai ko hanyar za ta ƙara tsawo. Hanyar filin jirgi kuwa ya san ta kamar tafin hannunsa, ba ta da tsawo.

Ya tsaya a inda ake sauke matafiya. Motocin alhazai na ta sauke kaya, ana kiran juna da harsuna iri-iri, har da Hausa daga can gefe, wata mata tana yi wa mijinta faɗa a kan jarkar zamzam. Walid ya sauke jakarsa, ya zagayo, ya sumbaci goshin mahaifinsa. Ya ce masa da Larabci ya riƙa shan maganinsa, ya gaishe da Gwaggo, in an buɗe motar zai turo hoto.

Khalilu ya riƙe hannunsa bai saki ba. Barkwanci ya zo masa, don bakin ba ya hutawa, ya danne shi. Ya ce, a hankali, kalma-kalma, yadda ake yi wa mai koyo:

"Allah ya kiyaye hanya. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba motarku sa'a."

Walid ya dube shi.

"Amin," in ji shi.

Ya juya ya shige cikin jama'a. Wani ma'aikaci ya buga wa Khalilu gilashi ya ce ya matsar da mota. Ya tayar, ya kama hanyar gida, yana ta juya kalmar nan guda a ransa. Bahaushe amin yake cewa, Balarabe ma amin yake cewa. Har ya iso Ƙurban ya kashe mota a ƙofar gida, bai iya rantsewa da wane harshe ɗansa ya amsa masa ba.